Rabi Mai Ɓeraye da Idon 'Yata

Shekara bakwai ke nan da muka kai Rabi makwancinta. Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ba zan manta ba, don ni ɗan kamasho ne a tasha, kuma tun da na fara wannan sana'a ran nan ne kaɗai na bar mota tana lodi na juya na tafi, direba yana ƙwala min kira ko waiwaye ban yi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A duniya dai ba ta huta ba. Ciwon sikila bai bar ta ba, ni ma bakina bai bar ta ba.

Taubashiyata ce, 'yar kawuna. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasai ba ruwansa da girma. Ita ta yi makarantar kimiyya, ta yi jami'a, ta hau jirgi ta je ƙasar Turawa ta ƙaro karatu, ta dawo ana ce mata dakta. Ni kuwa a aji uku na sakandare ni da makaranta muka dubi juna muka ga ba za mu daidaita ba, kowa ya kama gabansa. Da aka tambaye ta a gida wace irin likita ta zama, ta yara ko ta mata, sai ta ce ita ba ta duba marasa lafiya, idon ɓera take bincike. Kawu ya cire hula ya mayar. Ni na fara magana, na ce, "To alhamdu lillahi, ɓerayen rumbunmu sun samu nasu likitan, saura mu." Tun daga ranar ta zama Rabi Mai Ɓeraye. Har yara sun kama. Ita kuma ta raɗa min Farfesan Tasha.

Ku gane, a wajenmu gona na jikin gona, gida na jikin gida, abin da mutum ya noma shi zai ci har damina ta zagayo. Ɓera abokin gaba ne. Ba a yi masa komai sai tarko da sanda da mage. A ce 'yar gidan Kawu, wadda duk ƙauye ake kwatance da ita, ta ƙare a kiwon ɓera cikin ɗaki mai na'urar sanyi, ai wasu har jaje suka yi wa Kawu a ɓoye.

Zuwanta na ƙarshe da lafiyarta, da kaka ne, shekara guda kafin ta rasu. Ana zaune gindin mangwaro ana tsinkar gyaɗa, na shigo da buhu a kafaɗa na dire a gabanta. Na ce, "Ga marasa lafiya na kawo miki, ɗaya ma ina jin gilashi yake buƙata, don ya kasa ganin tarko." Buhu ya motsa, mata suka watse da ihu. Ita ko gezau. Ta leƙa ciki ta ce, "Farfesa, waɗannan 'yan uwanka ne, 'yan tasha. Nawa ɓerayen an san ubansu, an san kakansu har kakan kakansu. Kai wa ka sani bayan kakanka Malam Audu?" Aka yi ta yi min dariya. Sai ta ce, "Zo ka zauna, tunda ka kawo kanka, yau sai ka sha karatu."

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna min wani hoto. Baƙi ne ƙirin, sai wani abu a tsakiya kamar fure mai kunne huɗu, an zana shi da koren zare, zaren ya fito daga cibiya ya rarrabu, ya ƙara rarrabuwa, har ya zama siriri kamar saƙar gizo. Na ce wannan zanen hula ne? Ta ce bayan idon jaririn ɓera ne. A can ƙuryar ido akwai wani tantani, shi ne duk abin da ka kalla yake sauka a kansa. Shi ake cirowa a tsaga shi gefe huɗu don ya kwanta, a sa masa launi, a duba a madubin da ke ƙara girman abu. Koren zaren nan hanyoyin jini ne.

Na ce, "Wato ƙwaƙule musu ido kike yi?" Ta ce ana sa su barcin da ba su jin komai tukuna, kuma akwai doka mai tsanani a kai, amma duk da haka ba ranar da take yi ba ta yi bisimilla ba, kuma ba ranar da abin yake mata daɗi. Wannan ne karo na farko da na ga ban da abin tsokana.

Ta san na yi aikin lambu da rani a fadama, sai ta biyo min ta nan. Ta ce, "Ka san yadda kake jan ruwa daga bakin rijiya, ka bi da shi fangali bayan fangali har ya kai ƙarshen lambu? To haka jini yake mamaye bayan ido, daga tsakiya zuwa gefe. Ɗan adam a cikin uwa yake gama wannan aikin. Ɓera kuwa sai an haife shi yake farawa, shi ya sa muke iya kallon abin yana tafiya a gabanmu." Na ce to sai me, Allah ya ba ɓera sa'a. Ta ce, "Tsaya mana, mai bakin tasha." Ta danno wani hoton. Furen nan ne dai, amma tsakiyarsa fayau ba zare, ga wasu ƙulle-ƙulle sun cunkushe kamar an dunƙule zaren an yar. Ta ce wannan an sa shi cikin akwati mai iskar oksijin da yawa, sai hanyoyin suka ɗauka aiki ya ƙare, suka tsaya, wasu ma suka bushe. Da aka fito da shi iskar duniya, wurin da jini bai kai ba ya shiga yunwa, sai sababbin hanyoyi suka ɓarke a haukace, ba tsari, marasa ƙwari.

Ta ce, "Bakwaini ke nan, Iliya. Ya fito bai gama ba. A sa shi a kwalba a ba shi iska, kuma dole a ba shi, in ba haka ba ya mutu. Amma bayan ya fito, abin nan yana iya faruwa a bayan idonsa. Hanyoyin su fashe, ko su ja tantanin su ɓanɓare shi. Ta waje kuwa ido garau, ba ja, ba kwantsa. Sai ranar da uwa ta lura yaro ba ya bin ta da kallo, lokacin an gama." Na ce, "Allah ya kiyaye. Yanzu waɗannan na buhun a sallame su ko a kwantar da su?" Ta jefe ni da kwanson gyaɗa.

Iyakar karatun ke nan. Ban sake tunawa da shi ba. Shekara ta zagayo ciwonta ya tashi, tashin da bai kwanta ba.

Bayan rasuwarta da shekara biyu na yi aure. Zulai sunan matata, 'yar ƙauyen da ke gaba da namu ce, in ka tsaya a gonar babana kana hango rimin ƙofar gidansu. Cikinta na fari bai kai ba, yana wata bakwai naƙuda ta zo. Aka kwashe ta zuwa asibiti a Kano, ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, in ka ɗora ta a tafin hannu sai ƙafafu su ɗan leƙo. Aka sa ta a kwalba, ga robar iska a hanci. Suna ma ba ta nan aka yi, aka yanka rago a gida ita tana can. Ummi muke ce mata.

To ga inda al'adarmu ta shigo. 'Yar fari ce. Uban ɗan fari a wajenmu ba ya nuna ya san an yi haihuwa. Ba ya ɗauka, ba ya kiran suna, ba ya tambaya a gaban manya. Uwa ma haka, ko yaro zai tsage da kuka ba ta miƙa hannu sai an ce mata ɗauki. Kara ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mutum. Saboda haka duk zaman asibitin nan ni a waje nake, gindin bishiya, in sayo abin da aka ce in miƙa. Mai shiga da fita surukata ce, Inna Tabawa. Da aka sallame su, kai tsaye gidanta aka wuce wankan jego.

Kuma in faɗi gaskiya, ba don Inna Tabawa ba da yarinyar nan ba ta rayu ba. Da cokali ta riƙa ɗura mata nono. A ƙirjinta take kwantar da ita, ta lulluɓe, ta hana kowa shiga ɗakin da tari ko mura. Ta taɓa binne nata bakwainin tun tana yarinya, ta san abin da take tsoro.

Wata safiya ina tasha Zulai ta kira ni da wayar ƙaninta, murya ƙasa-ƙasa. Muka gaisa, na tambayi Inna, na tambayi awaki, na tambayi kowa ban da wadda nake son tambaya. Can sai ta ce, "Af, malamar asibiti ta ce a mayar da ita a duba mata ido kafin ta cika wata. Wai duk wanda ya sha iska a kwalba sai an duba. Inna ta ce sai an yi arba'in." Na ce to ai arba'in ɗin ya kusa. Ta ce a'a. Inna ta ce wankan asibiti ba wanka ba ne, ba ganye, ba tafasasshen ruwa, don haka daga ranar da aka dawo gida za a fara ƙirga.

Kwalba, iska, ido. Ina tsaye ina riƙe da ƙofar mota, sai hoton nan na biyu ya faɗo min, mai fayau a tsakiya. Wallahi har muryar Rabi na ji.

Na fara da babana. Na same shi yana gyaran dangar gona, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Iliya, 'yar fari? Kai ne za ka je gidan surukai ka ce a fito da mai jego? Wannan kuma wane sabon iskanci ne ka koyo a tasha?" Na ce Baba ido ne fa. Ya ce, "Idon ciwo yake?" Na ce a'a. Ya ce, "To je ka yi lodinka."

Washegari na je gidan surukan da kaina. Suruki iyakarsa zaure, na cire takalmi na tsuguna. Surukina Malam Ado yana zaune da abokansa biyu suna ɓarar gyaɗar iri. Na gaishe su, na sunkuyar da kai, na ce na zo ne a kan maganar asibiti. Malam Ado mutum ne mai sauƙi, ya aika aka gaya wa Inna. Ta zo ta tsaya bayan katanga, ba na ganin ta, tana ji na. Ta ce, "A gaya masa idon yarinya lafiya lau. Kullum sai na sa mata kwalli, fari tas, ko ɗigon kwantsa babu. Mai ɗanyen jiki ba ta shiga mota, jaririyar da ba ta kai kaza nauyi ba ba ta shan iskar titi. A yi arba'in, in kai ta da kaina."

A nan na yi kuskuren baki. Na ce, "Malam, abin ba ta waje yake ba, ta baya yake. Marigayiya Rabi ta nuna min a idon ɓera." Ɗaya daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya har gyaɗa ta zube. Ɗayan ya ce, "Kai Iliya ba ka da dama, har a gidan surukai?" Malam Ado yana murmushi yana girgiza kai. Daga bayan katanga kuwa ba dariya. Inna ta ce, "Jikar tawa ce ɓera?" Na ji tafiyarta ta koma ciki.

Wannan shi ne ladan mai barkwanci. Shekara da shekaru kana sa mutane dariya, ranar da wuta ta kama rigarka sai su ce kai, yau wasan ya yi kyau. Na fito daga zauren nan. A hanya na yi ta yi wa Rabi faɗa a zuci. Ke da kika san abin, ke da in kin yi magana za a ce dakta ta ce, kin tafi kin bar shi a bakin ɗan kamasho. Da tana nan da waya ɗaya za ta yi, Inna ta ɗauko mayafi.

Sai kuma shakka ta kama ni. In fa ban fahimce ta ba? Mutumin da ya kasa lissafin aji uku shi ne zai tuna karatun da aka yi masa yana wasa da buhun ɓera? In na tayar da hankalin gida biyu, aka fito da yarinya sanyi ya kama ta a hanya, me zan ce? Kwanaki suka yi ta tafiya ina lodi ina kuskure, ina sa na Kano a motar Daura. Da na ga zan haukace, na hau mota na je asibitin, na nemi malamar da ta sallame su. Na kwatanta mata, ta gane. Ba ta bari na gama ba ta ce, "Kai ne uban? Ina kuka shiga? Wannan ba a jira da shi. Wasu ba a samun komai, wasu kuma in an makara ba abin da za mu iya. Gobe likitan ido yana nan. Ku zo da ita."

Na kwana da shawara ɗaya. Da hantsi na sa Ɗanjuma, direban da muka fi shiri, ya kawo motarsa ƙofar gidan ya tsaya. Zaure ba kowa, Malam Ado ya tafi gona. Na cire takalmi. Na tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, wadda tun da na auri Zulai ban taɓa ƙetare ta ba. Na yi sallama da ƙarfi sau biyu, na shiga.

Ana tsakiyar wankan safe, ga tukunya tana tururi, ga ganyen darbejiya a ƙasa. Mata suka yi ta rarumar mayafi, wata ta ce, "Innalillahi, namiji!" Inna Tabawa ta fito daga ɗaki da Ummi a ƙirji. Ran nan ne na fara ganin fuskar surukata sosai, ita ma ta fara ganin tawa. Na durƙusa a tsakar gida, gwiwa biyu. Na ce, "Inna, ki yafe min. Na san abin da na yi. Na je asibiti jiya, sun ce yau. Ki zage ni, ki sa a kore ni, amma 'yata za a duba wa ido yau." Na ce 'yata, a gaban kowa. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce duniya ta ƙare.

Inna ta ce, "Fita." Ban motsa ba. Ta ce, "Na ce ka fita, marar kunya." Ina kallon ƙasa, ban san me zan yi ba in ta juya ta shige ɗaki, don ba zan fizge jaririya daga hannunta ba. Sai na ji motsi. Zulai ce ta fito daga bayan ɗaki, jikinta na tururi, ta zura hijabi a kan ɗaurin ƙirji. Yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban uwarta. Ta zo ta tsaya ta miƙa hannu biyu. Ta ce, "Inna, ni ma na ji abin da malamar ta ce. Ba ni ita."

Inna ta dubi 'yarta, ta dube ni, ta daɗe. Ba ta miƙa jaririyar ba. Ta ce a ɗauko mata mayafi da bargo. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "In iska ta taɓa ta, kai da Allah."

Ɗanjuma mutum ne da in ya taka mota sai fasinja sun yi ta salati. Ran nan tafiya ya yi kamar ya ɗauko ƙwai a faranti. Gilashi a rufe, zafi kamar gidan burodi. Ummi ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi damuna. Ina gaba, ba halin in juya in kalli surukata, sai in saci kallo ta madubi in ga ko bargon yana motsi. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni na haƙa shi.

A asibiti aka ɗiga mata magani aka ce mu jira ƙwayar idon ta buɗe. Da aka kira mu, wannan karon ban tsaya gindin bishiya ba. Likitan ya ɗaura fitila a goshi, ya sa wani ɗan ƙarfe ya buɗe fatar idon ya riƙe. Ummi ta saki wata ƙara da ban san ƙirjinta zai iya ba. Inna ta yunƙura za ta ɗauke ta, Zulai ta riƙe mata hannu. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake komawa hagu, ya daɗe a nan. Ni dai bayan kansa nake kallo, ina roƙon Allah ya sa ya juyo ya ce mun wahalar da kanmu a banza, a yi min dariya har ƙarshen rayuwata, na yarda.

Ya cire fitilar ya ce abin ya fara, duka biyun, na hagu ya yi nisa. Dole a yi aiki cikin kwanakin nan, ba a kai mako ba. Ya fara kwatanta mana yadda hanyoyin jini suke tsirowa ba daidai ba, sai na ji bakina ya ce, "Irin na ɓeran da aka fito da shi daga akwatin iska." Ya dube ni. Ya ce wa ya gaya min. Na ce taubashiyata, aikinta ke nan, ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta, da yawa daga abin da suka sani a kan ciwon nan daga irin wannan aikin aka samo shi. Ya juya ya ci gaba da yi wa Zulai bayani. Inna Tabawa tana zaune a benci, ta rufe fuska da mayafi.

An yi aikin, da wani haske ake ƙona wurin da jini bai kai ba don haukan ya tsaya. Muka yi ta zarya, Inna ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, kuma ba ta yi min magana ko sau ɗaya ba. Idon dama ya tsira. Na hagu tantanin ya riga ya ɗago, an yi abin da za a iya, haske da duhu kawai take bambancewa da shi. Na taɓa tambayar likitan, da mun zo tun farko fa? Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, Allah ne masani. Ban sake tambaya ba, kuma ban taɓa kai wannan tambayar gidan surukaina ba. Matar da ta raya ta da cokali ba ni ne zan ɗora mata wannan ba.

Yanzu in na zauna sai in ce, da Rabi za ta leƙo ta ga yau, me za ta ce? Na san da dariya za ta fara, ta ce Farfesan Tasha ya kutsa gidan surukai ana wankan jego, wannan ko ɓerayenta sun fi shi ladabi. Daga nan sai ta ɓata rai. Za ta tambaya me ya sa har yanzu sai an je Kano kafin a samu mai leƙa bayan idon jariri. Za ta tambaya bakwaini nawa ne a ƙauyukan nan aka dawo da su gida ana murna sun rayu, aka rufe ɗaki, aka sa kwalli, ana jiran arba'in. Ni ban san adadinsu ba. Na dai san a tasha ina ganin yara makafi ana jan su, kuma yanzu in na gani sai in kasa kiran fasinja na ɗan lokaci. Ba na cewa a daina wankan jego, ba na cewa a daina kara, ni ma a cikinsu na tashi. Abin da nake cewa, in an sa muku jariri a kwalba aka ce ku dawo a duba ido, ku koma ranar da aka ce, ko da tukunya tana kan wuta.

Har yau a ƙauyen su Zulai in na wuce akwai masu nuna ni da baki. Babana ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da ka. Inna Tabawa kuwa sai bara ta fara amsawa da baki, shi ma daga bayan katanga. Ban ji haushi ba, na saya da kuɗina.

Rabi ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba, ba ta gina ko ɗaki ba. Rubuce-rubucenta da Turanci suke, a ƙauyenmu ba mai iya karanta su, har ni da ake kira farfesa. Kawu har ya tsufa bai gane me ta yi da rayuwarta ba, in aka yi zancenta sai ya ce yarinya ce mai haƙuri. Na daɗe ina neman abin da zan nuna masa in ce ga shi.

Jiya da la'asar na taso daga tasha, na biyo ta gonar gero, an gama girbi fili ya buɗe. Ummi tana ƙofar gida cikin yara, da ɗan gilashinta mai igiya a ƙeya. Tun ina can nesa, inda ko murya ba ta kaiwa, na ga ta tsaya. Ta karkata kai gefe, yadda take yi in tana son ta saita idonta na dama. Sai ta yar da abin da ke hannunta ta sheƙo a guje ta cikin kunyoyin gonar, tana tsallake kututturen kara ɗaya bayan ɗaya, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Kawu yana zaune a dakalinsa yana kallo. Na ɗauke ta, a gabansa, na ce, "Kawu, ka ga aikin Rabi."

Allah ya kai haske kabarinta.